Ranar da Mota ta Amsa Waya

In ka shigo tashar Matamaye yau ka tambayi Mati Rijiya, sai samarin direbobi su yi ta kallon juna. Amma ka ce Mati Bulutut, nan take za a nuna maka ni, zaune a kan tsohuwar taya a inuwar dogon yaro ina jiran layina. Sunan farko shekara talatin da wani abu na yi ina gina shi. Na biyun kuwa cikin yini ɗaya aka liƙa mini. Ku da kuke kirana da shi kuna dariya, rabinku ba ku san inda ya samo asali ba, don haka ku gyara zama. Ba don ku daina nake faɗa ba, na san ba za ku daina ba.

Ku a wurinku tuƙi ba wani abu ba ne. A je a karɓo farmi, wato lasin tuƙi, a shiga mota mai canza bitesi, giya ke nan, da kanta, a haɗa salula da allon da ke jikin tablo a gaban direba, wata mace da ba ta taɓa taka ƙasar Damagaram ba ta riƙa ce muku ku yi dama ku yi hagu. In taya ta fashe ku tsaya bakin hanya kuna ɗaukar ta hoto kuna aika wa mai mota. Shi ke nan an zama direba.

Ni a hannun Maigida Ɗan Jimma na koya, Allah ya jiƙansa. Yana da wani tsohon kamiyo, babbar motar kaya, da ke kwasar gyaɗa da raken Dungu ya kai Damagaram. Shekara biyu cur ina aparanti, yaron mota, ban taɓa bolan, wato sitiyari, ba sai in zan goge shi. Aikina weji ne: in mota ta tsaya a hawa, in diro da guntun katako in cusa a bayan taya kafin ta yi baya da mu. Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da wurin kwanansa. Kirik na ɗaga mota, kile na kwance noti babba da ƙanana, shebur, igiya, famfon hannu, da faranti biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe. Shi ya koya mini rage wa taya iska kafin a shiga rairayi, da yadda ake kafa sanda a jikin inji a sa kunne a ɗaya bakin a ji inda ciwon yake. In ya tambaye ka kile mai lamba kaza ka tsaya nema, da shi zai ƙwanƙwashe ka in ka samo.

Amma babban karatun da ya yi mini ba na ƙarfe ba ne. Wata rana mun ɗauki wani falke ɗan Yauri a gaba, yana ta ba Maigida labarin yadda yake shirin sayar da gonar gado ba tare da ƙannensa sun sani ba. Ni ina maƙale a bakin ƙofa ina ji. Da muka sauka na je wurin mai shayi na kwashe duka na zuba, don a san ni ma ina da labari. Kwana uku maganar ta isa Yauri. Maigida ya bari sai da muka zo Kance a hanyar dawowa. Ya tsayar da mota ya ce in sauka in duba tayar baya. Ina sauka ya leƙo ta taga.

"Mati, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mota ɗaki ce, taya kawai aka sa mata. Abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake kwana. Ka taka a ƙasa har gida, ka yi ta tunani a hanya."

Ya ja motarsa ya tafi. Na iso Matamaye ƙafafuna duk sun yi ruwa, kuma tun daga ranar bakina ya mutu.

Da wannan bakin na samu aiki wurin Alhaji Isufu, ɗan kasuwar hatsi. Na tuƙa shi tun gemunsa yana baƙi har ya yi fari fat. A motar nan an ƙulla aure an kwance aure, an shirya ƴan'uwan da suka yi shekaru ba sa gaisawa, manyan mutane sun yi kuka kamar yara. Ban taɓa juyowa ba, ban taɓa gyara madubi don in ga fuskar mai magana ba. Alhaji da kansa ya raɗa mini sunan. Wani baƙo ne ya yi masa nuni da ni da ido, wai akwai kunne a gaba, sai Alhaji ya yi dariya ya ce, "Faɗi maganarka. Mati rijiya ne, abin da ka jefa ba ka sake ganinsa."

Akwai wani aiki guda da ba a rubuta shi a farmi, shi ne ɗauko wanda aka yi wa rashi bai sani ba. Kun san dai al'adarmu, ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse, balle uwa, balle tana nesa. Sai a aika a ɗauko ta a kan cewa jiki ya motsa, in ta iso ga manyan mata nan suna jira, su kama ta su zaunar, sannan a faɗa. To wanda zai ɗauko ɗin nan, shi ne mai aiki. Ba ka sa rigar Juma'a, ba ka kuma zuwa da dattin gareji. Ka yi sallama yadda ka saba, ka yi gaisuwa har ƙarshenta, ka tambayi ruwan bana da lafiyar bisashe. In an kawo ruwa ka sha, don mai ɗauke da mugun labari ne ke ƙin ruwa. Ba ka yin ƙarya ƙiri-ƙiri. In ta ce yana magana? Ka ce, na baro mutane a kansa. A hanya kada ka yi gudu ta gane ana jira, kada ka yi sanyi a gaji da jira. Kada ka kunna karatun Alƙur'ani, kada ka kunna kiɗa. In kun shigo gari ka bi ta bayan layi, don kada ta hango tabarmi da maza zaune a ƙofar gida.

Na yi wannan aiki ya fi a ƙirga, ba wa gidan Alhaji kaɗai ba. Maƙwabta kan zo su roƙa a ba su aron Mati. Kuma ina alfahari da shi ƙwarai, ina cewa ban taɓa ɗauko wata ta gane kafin mu iso ba.

Da ƙarfin Alhaji ya ragu, sai harkoki suka koma hannun babban ɗansa, Lawali. A gabana aka haife shi, ni na riƙa kai shi lakwal, makarantar boko. Ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne mai gaggawa, wanda in ya kira ka yana so ka amsa kafin ya rufe baki. Shi ya sayo sabuwar mota katkat mai ja da taya huɗu, fara, da allo a tsakiyar tablo mai faɗin farantin shayi. Ni da shi abu ɗaya ya haɗa mu rigima: ba na ɗaukar waya ina tuƙi. Ɗan Jimma ya ce hannu biyu aka yi wa bolan, ni kuwa ban ga ranar da aka ƙara mini na uku ba.

Ran nan ya same ni ina wanke motar, ya miƙo mini sabuwar salula irin ta shafawa, ya karɓe tawa mai maɓalli ya cire layin ya mayar a sabuwar. Ya shiga ya zauna yana ta latse-latse a allon nan.

"Baba Mati, na haɗa ta da mota, bulutut ake ce masa. Yanzu an gama rigima. Hannunka na kan bolan, magana na fitowa ta lasifika. Kuma na saita ta, ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba, in ta yi ƙara uku mota za ta ɗauka da kanta."

Na ce, "To, mota ta zama sakatare ke nan."

"Zo in nuna maka inda ake kashewa, da inda ake raba su."

Ga inda nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na matse tsummana na ce masa, "Lawali, ina fitar da kamiyo daga rairayi tun ba a san za a haife ka ba. Yau kai za ka zaunar da ni ka koya mini mota?" Ya ɗaga kafaɗa ya fita. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi ranar nan har da kunne biyu.

Wata da watanni haka muke. Ina cikin tafiya sai muryar Lawali ta faɗo daga ƙofofi huɗu, buhu nawa aka loda, ina ka kai, me ya tsayar da kai. Haushi ya ishe ni, sai na nemo dabarata. Na gano ɗan maɓallin gefe da ke kashe ƙarar salula. Sai in danne shi har ta yi shiru, in jefa ta cikin ɗan akwatin gaban mota in rufe. Sau biyu na yi haka na je Dungu na dawo mota ba ta ce komai ba. Na ce madalla, na gano maganinta. Ashe ba wanda ya kira ne.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Alhaji yana da ya, uwa ɗaya uba ɗaya, Hajiya Rabi, tana zaune a wani ƙauye can bayan Icirnawa inda ta yi aure, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Sanusi. A gidan Alhaji ya tashi, shi ke riƙe da makullin sito, magidanci ne da iyalinsa. Cikin damina zazzaɓi ya kama shi, kwana uku yana kwance, ana cewa da sauƙi. Ran na huɗu da hantsi ya cika.

Alhaji ya kira ni zaure. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta rawa.

"Mati, ka je ka ɗauko Yaya. Za a jira ta ta zo ta gan shi ta yi masa addu'a, in an yi la'asar a kai shi. Ka san tana da hawan jini. Ka san yadda ake yi."

"Na sani, Alhaji."

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta ɓaci, tsohuwar motar ba za ta iya ba. Sabuwar na ɗauka. Tun kafin in fita gari na danne maɓallin nan har salula ta yi tsit, na jefa ta a akwati na rufe. Har na ji daɗin kaina, na ce yau kam ba mai damuna.

Na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Na yi sallama, na durƙusa, muka gaisa har ƙarshe. Ta sa aka kawo mini ruwa a kwano, na sha na ƙara.

"Lafiya dai, Mati?"

"Lafiya lau, Hajiya. Jikin Sanusi ne ya ɗan motsa, Alhaji ya ce gara ki zo ki gan shi."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ni kuwa na tsayar da fuskata yadda na saba.

"Yana cin abinci?"

"Na baro mutane a kansa, Hajiya."

Ta ajiye faifan ta karkaɗe zanenta. "To bari in dama masa kunun tsamiya. In ba shi da lafiya ba ya shan na kowa sai nawa."

Nan ne aikin yake da wuya. Rana tana tafiya, na san ana can ana haƙa kabari, ita kuwa ta hura wuta, ta jiƙa tsamiya, ta tace gasara, ba ta gaggawa ko kaɗan. Na zauna a kan turmi ina hira da wani tsoho maƙwabcinta a kan tsutsar da ta faɗa wa hatsi, kamar ba ni da abin yi a duniya. Ta gama ta zuba a tarmos, irin filas ɗin shayi, ta ɗaura ɗan ƙunshin kayanta, ta yafa mayafi. Ta shiga baya ta zauna, ta rungume tarmos ɗin a cinya.

A hanya ita ke ta magana, kuma duk a kan Sanusi. Yadda ya faɗo daga kan jaki yana ɗan shekara shida ya ɓoye hannun a riga kwana biyu don kada a hana shi zuwa kiwo. Yadda ya yi kuka ranar da aka kawo shi gidan Alhaji, ita kuma ta ƙi juyowa. Har dariya ta yi. Ina amsawa da "Allah sarki" da "ikon Allah", a raina ina cewa wannan ma ta wuce lafiya, ba ta gane komai ba.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san akwai wani tudu mai gawo a kansa, inda mutanen ƙauyukan wurin ke hawa in suna son kiran waya, don nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Hawan yana da rairayi mai zurfi. In ka ɗaga ƙafa a tsakiyarsa ka kafe, sai an zo da shebur. Na ɗauko shi da ƙarfi, hannuna biyu a kan bolan, muna tsakiyar hawa sai allon ya haska, sunan Lawali ya fito da manyan baƙaƙe. Ƙara ta tashi daga kowace ƙofa.

Na saki hannu ɗaya na mari allon. Ƙara ta biyu. Na sake dukan sa da tafin hannu, sai taswira ta fito, ta koma. Mota ta fara karkata, na cafke bolan. Ƙara ta uku. Sai na ji hayaniyar mutane, da muryar Lawali garau kamar yana zaune tsakanina da ita.

"Baba Mati, kuna ina? An gama wanka an sa masa likkafani, liman ya ce da an sallame la'asar za a sallace shi. Ka taka motar nan. Kuma don Allah kada ka gaya wa Gwaggo komai."

Ina ta ihu, "Lawali! Lawali, tana ji!" Amma shi ba ya saurare in yana magana, sai ya kai aya. Muna kaiwa kan tudun na murɗe makulli. Inji ya mutu, allon ya yi baƙi. Sai wata ƴar siririyar murya daga cikin akwatin gaba tana cewa alo, alo, Baba Mati, alo.

Ban juya ba. Ban san da wace fuska zan juya ba. Na ji ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi kururuwa ba. Can ta ce, "Mati, tada mota."

Na tada. Ba mu yi nisa da gangarowa ba na ji tarmos ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Ranar ce rana ta farko da na gyara madubi don in ga fuskar wanda na ɗauko. Bakinta ya karkace gefe guda, hannunta na dama ya zube a kan kujera, tana son magana ba ta fita. Na tsaya na gyara mata kai, na yi ta kiran sunanta. Sannan na yi gudun da ban taɓa yi da mutum a mota ba. Da muka shigo Matamaye ban bi ta bayan layi ba, ban je gidan ba ma. Gidan likita na wuce da ita kai tsaye.

An sallaci Sanusi bayan la'asar, an kai shi. Uwarsa tana kwance a gadon likita, tafiyar ƙafa kaɗan daga inda aka ɗauke shi, ba ta gan shi ba. Da yamma da na je fitar da kayanta na tarar da tarmos ɗin bai fashe ba. Na taɓa shi na ji kunun da sauran ɗumi.

Bayan sadakar uku Alhaji ya tara mu a zaure, ni da Lawali da ƙannensa biyu. Ya ce in faɗi abin da ya faru. Na faɗa tiryan-tiryan, ban ƙara ba ban rage ba. Aka juya wajen Lawali. Kansa a ƙasa ya ce, "Na ce ya zo in nuna masa inda ake kashewa, ya ƙi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Amma ba wanda ya tambayi wa ya sa mota ta riƙa amsa kira ba da izinin mai tuƙi ba. Ba wanda ya tambayi wane irin mutum ne ke ambaton likkafani a waya bai fara cewa kai kaɗai ne ba. A da, ko a kan tabarma ɗaya kuke, sai mutum ya waiga dama da hagu kafin ya faɗi irin wannan magana. Alhaji ya dube ni, ya dubi Lawali. Na san abin da yake aunawa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni kuwa ba hannu ba ne, direba ne.

Ya bari sai da aka yi sadakar arba'in. Ya kira ni ya yi mini magana mai daɗi, ya ce na yi wa gidan nan hidima, shekaru sun ja, motocin yanzu sai yaran yanzu, in je in huta. Ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi. Makulli yake nufi.

Kafin nan magana ta riga ta zaga gari, kuma ba yadda ta faru ba. A kasuwa cewa ake Mati ya kasa riƙe bakinsa ya faɗa wa tsohuwa a hanya. Waɗanda suka ji batun lasifika kuwa suka mai da shi abin dariya, daga nan Bulutut ya fito. Abin da ya fi yi mini ciwo manyan mutanen nan ne da suka yi shekaru suna zuba sirrinsu a bayana. Sai na ga suna kau da kai in mun haɗu a masallaci. Wani alhaji daga cikinsu ma ya ja ni gefe yana tambayata ko motar nan tana naɗar magana, ko akwai abin da ya rage a ciki. Na ce masa, "Alhaji, lokacin da ka yi taka maganar motar ko rediyo ba ta da shi. A cikina take, kuma tana nan inda ka bar ta." Bai yarda ba, na gani a idonsa. Kusan shekara guda ba wanda ya ba ni ko amalanke in tura. Daga baya wani ya ji tausayina ya ba ni wannan tsohuwar da kuke gani, wadda ƙofarta sai da igiya, nake kai mutane Dungu da Yauri ranar kasuwa.

Da damina ta zagayo aka aiko wai Hajiya Rabi na nemana. Ba ta koma ƙauye ba, tana wani ɗaki a bayan gidan Alhaji, ɓarin jikinta ɗaya bai tashi ba. Na je da hantsi, na bi ta ƙofar baya kamar baƙo, a gidan da na yi shekara talatin ina shiga ba sallama biyu. Tana zaune an jingina ta da matashi. Maganarta ta dawo, amma a hankali take fita, sai ka kasa kunne.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ni na sa kika ji a hanya."

Ta girgiza kai. "Mati, kai har yanzu kana tsammanin a motar nan na sani?"

Na ɗago na dube ta.

"Tun da na ji sallamarka na san Sanusi ya tafi. Wa ake aika wa Mati Rijiya da rana tsaka, ba suna ba biki? Ka manta ni na sa aka aike ka ɗauko ƴar'uwarmu Ladi lokacin da mijinta ya rasu?"

Na ce, "To Hajiya, kunun fa?"

Ta ce, "Muddin ina dama shi, yana da mai sha. Muddin muna tafiya ba wanda ya furta, ɗana yana can kwance yana jirana. Duk waɗanda ka ɗauko sun sani, Mati, kowace ta sani. Ba wayo kake yi mana ba. Hanyar ce ake ba mu, mu ɗan ƙara zama da su kafin mu iso. Ni tawa a kan tudu aka yanke mini ita." Ta share gefen bakinta da hannun da ke aiki. "Na yafe maka. Tashi ka tafi, kada ka rasa layinka."

Na fito ban ga hanya sosai ba. Shekara da shekaru ina taƙama na iya ɓoye fuska, ashe su ne suke rufa mini asiri, ni da su muna riƙe da abu ɗaya kowa ya kama gefensa. Ban ma san abin da nake ɗauka ba sai da na zubar da shi.

To kun ji. Wata rana ɗayanku za a kira shi zaure a ce ya je ya ɗauko wata, don mutuwa ba ta daina ba, mu ne muka ƙare. In ranar ta zo, kada ka rage wa salula ƙara ka ce ka gama. Kashe ta ɗungurungum, ka ga ta yi baƙi da idonka. In ba ka san yadda ake raba ta da motar ba, ka sauke girman kai ka tambaya, ko da wanda ka goya ne zai nuna maka. Sunan kuwa ku ci gaba da kira, na saba.

Na ɗauki gyaɗa, na ɗauki rake, na ɗauki amare da gawa, ban taɓa zubar wa kowa da kaya ba. Daga tudun nan mai gawo zuwa ƙofar gidan Alhaji bai fi tafiyar rabin awa ba. Rabin awar nan ta Hajiya Rabi ce, ita aka ɗora mini, kuma ban kai ta ba.